Kaskon Ruwa a Tsakar Gida: Yadda Za Mu Jawo Tsuntsaye Cikin Hunturu da Hutun Kirsimeti

(Taken shiri)

Ina gaida mutanen Kinkinau a garin Kaduna, inda muka yada zango yau, da maƙwabtansu na Unguwar Mu'azu da Tudun Wada da Kabala West da Rigasa. Ina gaida 'yan uwanmu na tsallaken kogi, mutanen Kakuri da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha. Waɗanda ke shirin bikin Kirsimeti, muna yi muku barka. Allah ya sa a yi lafiya, a gama lafiya.

Yau maganar tsuntsaye za mu yi. Tsuntsayen Allah nake nufi, waɗanda ba wanda ya saye su, ba wanda ke kulle su da dare. Kurciya da hasbiya da gwara da asisi da kanari da sauransu. Tambayarmu ɗaya ce. Yaya za mu yi su riƙa sauka a gidajenmu cikin wannan wata na Disamba?

Zan fara da dalilin da ya sa muka zaɓi wannan wata. Daga nan mu yi maganar ruwa, kuma a nan zan fi daɗewa. Sai abinci, sai bishiya, sai cuta. A ƙarshe ina da aiki ga yara 'yan hutu. Uwargida, ci gaba da aikinki, ki dai bar mana kunne ɗaya. Maigida, a ɗan ƙara murya.

To, me ya sa Disamba?

Ku duba yadda gari yake. Ruwan sama ya ɗauke tun watan Oktoba. Kududdufai sun ƙafe. Ciyawa ta bushe, wadda ba ta bushe ba an cinna mata wuta. Iskar hunturu tana busowa daga hamada, tana tsotse duk wata laima. Leɓe na tsagewa, ƙafa na faso. Abin da ya same mu, shi ya sami tsuntsu. Da dare sanyi ya sauka, ɗan abin da ya ci da rana ya ƙare wajen ɗumama jikinsa. Gari na wayewa ya tashi da yunwa da ƙishi.

Sannan unguwarmu ta sauya. Dattawan Kinkinau za su ba da shaida. A da tsakar gida ƙasa ce. A nan ake sussuka, a nan ake surfe, a nan ake sheƙa. Tsaba tana zuba, kurciya tana tsinta. Akwai rijiya, gefenta kullum a jiƙe. Akwai durumi ko mangwaro a ƙofar gida. Yanzu fa? An shafe tsakar gida da siminti. Hatsi ya koma injin niƙa. Ruwa yana cikin tanki da jarka, a rufe. Bishiyar ƙofar gida an sare ta, an fitar da shago. Ba wanda ya yi niyyar korar tsuntsu, amma rabonsa ya yanke.

Akwai kuma baƙi. Shamuwa ta damina ce, ta riga ta tafi, ta nufi kudancin Afirka. Da ta tafi, wasu suka iso daga arewa. Waɗannan tsuntsayen Turai ne. Idan sanyi ya kama ƙasashensu, ƙwari suka ɓace, sai su taso. Su haye teku, su haye hamadar Sahara, su sauka a ƙasarmu. A cikinsu akwai ɗan ƙaramin da nauyinsa bai wuce giram 10 ba. Ko ƙwayar goro ɗaya mai kyau ta fi shi nauyi. Amma da fukafukansa ya zo.

Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa da sanyi ba. A shekarar 1822, a arewacin Jamus, aka harbo wata farar shamuwa da kibiyar Afirka soke a wuyanta. Da kibiyar ta yi wannan doguwar tafiya. Har yau gawarta tana ajiye a jami'ar garin Rostok. Wannan kibiya tana cikin abubuwan da suka nuna musu cewa wajenmu tsuntsayen suke zuwa. A yau masu bincike suna zuwa dausayin Haɗeja da Nguru, da wurin tsuntsaye na Dagona a jihar Yobe, don su ga baƙin nan. Wasu daga cikin baƙin kuwa ba su tsaya can ba. Suna nan bakin kogin Kaduna. Suna cikin bishiyoyin lambun Gamji. Wani ma yana kan dogon yaron bayan gidanku.

Ke nan a Disamba tsuntsaye sun ƙaru, ruwa da abinci sun ragu. Shi ya sa ɗan abin da ka ajiye a wannan wata yake jawo su fiye da kowane lokaci.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu mun zo kan ruwa. Ku saurara da kyau, don nan ne gindin maganar.

Mutane da yawa idan suka ji an ce a ciyar da tsuntsu, hatsi ne ke faɗo musu a rai. Ni kuwa na ce ruwa ne farko. A hunturu, ruwa kafin hatsi. Zan sake faɗa: ruwa kafin hatsi. Dalili shi ne ba kowane tsuntsu ke cin tsaba ba. Wani ƙwari yake ci. Wani 'ya'yan itace. Wani ruwan fure yake sha. Idan ka watsa gero, masu cin tsaba kaɗai ka gayyata. Idan ka ajiye ruwa, ka gayyaci kowa. Masu cin tsabar ma su suka fi bukatarsa, domin busasshen abu suke ci wuni guda.

Ku lura da wurin da ake alwala a gidajenmu. Da an ajiye buta an shiga salla, za ku ga gwara ta sauko tana shan ɗan abin da ya taru a kan siminti. Ku lura da inda ɗan garuwa yake sauke jarka. Ku lura da famfon da ke ɗiga. Tsuntsaye sun san duk waɗannan wurare. Ƙishi ne ya koya musu.

Me za a zuba ruwan a ciki? Ba sai kun sayi komai ba. Kaskon ƙasa ya fi, domin yana sanyaya ruwa, kuma ba ya santsi a ƙafar tsuntsu. In babu, gindin fasasshiyar tukunya ya isa. Tsohon faranti mai faɗi ma ya yi. Sharaɗin shi ne kada ya yi zurfi. Gaɓa ɗaya ta yatsa, in ya yi yawa gaɓa biyu. Bokiti da baho ba su dace ba. Ƙaramin tsuntsu zai faɗa ya kasa fita. A sa dutse ɗaya ko biyu a tsakiyar kaskon, kansu ya ɗan fito sama da ruwa. Nan ƙananan za su tsaya su sha.

A ina za a ajiye? A inuwa, kusa da bishiya ko katanga, inda tsuntsu zai fara sauka ya duba ko lafiya. Amma kada a manna shi da wurin da kyanwa za ta laɓe. A bar tsakaninsu taku uku ko huɗu. Wanda ke da hali ya yi biyu. Ɗaya a ƙasa saboda kurciya, domin ita a ƙasa take son komai. Ɗaya a kan bulo biyu ko kan tsohon turmi da aka kife, saboda masu tsoro.

Ga wata dabara. Tsuntsu yana jin ƙarar ɗigar ruwa daga nesa, kuma yana hango motsinsa. Ku sami gorar roba ta ruwan sha. Ku huda gindinta da allura, huda ɗaya tak. Ku cika ta, ku ɗan sassauta murfin, ku rataye ta a reshe daidai saman kaskon. Ta riƙa ɗiga, ɗis, ɗis, ɗis. Gora ɗaya za ta kai ku hantsi. Gidan da ruwansa ke ɗiga ya fi saurin samun baƙi.

In kun yi haka, ku zauna daga nesa da sassafe, kada ku yi motsi, ku kalla. Akwai abin kallo. Kurciya idan ta zo, tsoma bakinta take yi ta zuƙa, ba ta ɗaga kai sai ta ƙoshi. Hasbiya ma haka, mai jan da'ira a ido. Gwara kuwa sai ta ɗebi kaɗan, ta ɗaga kai sama, ruwan ya gangara, ta sake ɗiba. Asisi yakan zo da matarsa, su biyu, shuɗi-shuɗi. Wanda ke da jan tabo a kunci shi ne namijin. Bayan an sha sai wanka. Za ku ga ɗan tsuntsu ya shiga ruwan, ya tsuguna, ya karkaɗa fukafukai, ruwa na fantsama, sannan ya koma reshe yana gyara gashinsa ɗaya bayan ɗaya da baki. Wankan nan ba na ado ba ne kawai. Ƙurar hunturu tana cushe gashin tsuntsu, kuma gashin da ya yi datti ba ya riƙe ɗumi da dare.

Na san abin da wata uwa take cewa yanzu. Tana cewa, Malam, ruwa a ajiye ai sauro ne. Gaskiyarki, Hajiya. Amma ƙwan sauro yana bukatar kamar mako guda a ruwa kafin ya zama sauro mai tashi. Ke kuwa kullum za ki zubar da na jiya, ki ɗauraye kaskon, ki zuba sabo. Kullum, da safe. Ruwan da ake sauyawa kullum ba ya haifar da sauro. Kuma kada a zuba ruwan wanki mai omo ko sabulu. Ruwan da kuke sha, shi za ku ba su. Kofi biyu sun isa.

Abu na ƙarshe a kan ruwa: in kun fara, ku ɗore. Ranar farko wataƙila ba wanda zai zo. Ta biyu ma haka. Tsuntsu ba ya yarda da sabon abu da wuri. Kada ku ɗauke kaskon, kada ku sauya masa wuri. Ranar da guda ɗaya ya sha, sauran za su gani. In za ku yi tafiyar hutu, zuwa Kafanchan ko Zariya ko ƙauye, ku bar wa wani yaron maƙwabta amanar zuba ruwan.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, waɗanda suka kama mu yanzu, muna Kinkinau ne, muna maganar jawo tsuntsaye zuwa gida a lokacin hunturu. Mun ce ruwa kafin hatsi. Yanzu ga hatsin.

Bari in fara amsa wa wani bawan Allah da ke cewa, mu da ba mu ƙoshi ba, mu ne za mu ciyar da tsuntsu? Maganarka tana kan hanya, ɗan uwa. Mudun gero ya yi tsada, kowa ya sani. Ban ce ka taɓa abincin iyalinka ba. Abin da ake zubarwa nake magana. Ƙaiƙayin da aka sheƙe, akwai ƙananan tsaba a ciki. Tsintar shinkafa da uwargida ta ware. Sharar da ake yi a gindin injin niƙa. Abin da ya zube a ƙasan buhu. Mai sayar da hatsi a Kasuwar Barci yana share irin wannan kowace yamma. Wannan ya ishe su.

Wane hatsi ga wane tsuntsu? Ƙananan baki, ƙananan tsaba. Gero da acca su ne na asisi da kanari da ɗan jan tsuntsun nan da ke shiga har cikin ɗaki, wanda ake kira beni ko ba'u. Dawa da tsakin masara na kurciya ne da hasbiya. Masara ɗungum ta yi wa ƙananan girma, sai an ɓarza. Masu cin 'ya'yan itace kuma, irin su shaya mai sheƙi da kulkulu mai dariya a kan bishiya, a yanka musu gwanda da ta nuna sosai, ko ayabar da ta yi laushi, a soke a reshe.

Nawa za a zuba? Tafin hannu ɗaya, da safe. Abin da za su cinye kafin azahar. Idan hatsi ya kwana a ƙasa, ɓera da gafiya ka gayyata. Tafin hannu ɗaya, da safe, a kan tsohon faifai ko a wuri mai tsabta.

Yanzu abin da ba a ba su. Lokacin biki ne, abinci zai yi ta zagaya tsakanin maƙwabta, kamar yadda muka saba a Kaduna. Za a sami ragowar dafa-duka da soyayyiyar shinkafa da cincin. Kada a juye wa tsuntsaye. Gishiri da mai da sinadarin ɗanɗano sun fi ƙarfin ɗan jikinsu. Farar shinkafa da ba a sa wa komai ba, ita babu laifi, kaɗan.

Kada a ba su irin shuka da aka yi wa magani. Kun san shi, wanda ake rina wa ja ko shuɗi. Guba ce. Haka hatsin da aka zuba wa maganin ƙwari a rumbu ko a buhu.

Kuma kada a ba su gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna. Wannan fumfuna tana fitar da wata guba da masana ke kira afulatoksin, mai lalata hanta. Ta hanyar tsuntsaye ma aka gano ta. A shekarar 1960, talotalo kusan 100,000 suka mutu a gonakin Ingila. Da aka bi sawu, sai aka tarar tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil ce ta yi fumfuna. Abin da ya kashe talotalo ba zai bar asisi ba. Ku ma, don Allah, kada ku ci irin wannan gyaɗa.

Manomi zai ce, ai tsuntsu ɓarawon hatsi ne. Wanda ya taɓa ganin jan baki sun sauka a gonar shinkafa a Kebbi ko Jigawa ko Yobe, ba zai yi musu da wannan ba. Sukan zo dubbai, su share gona. Amma jan baki tsuntsun fadama ne da daji. Tafin hannun geron da ka watsa a tsakar gida a Kinkinau ba shi ke ƙara musu yawa ba. Yawancin masu zuwa gidanka kuwa, idan sun yi 'ya'ya, da tsutsa da fara da gara suke ciyar da su. Mai lambu yana cin moriyarsu bai sani ba.

Kafin mu bar nan, ga wani abu da za ku gani a wurin hatsin. Za ku ga wasu tsuntsaye masu launin ƙasa-ƙasa, ku ɗauka duk gwara ce. A'a. A cikinsu akwai mulufi, jan tsuntsun nan da ke kumbura a kan karan dawa da damina. Bai tafi ko'ina ba. Da kaka ta wuce ya zubar da jan gashinsa, ya koma kamar matarsa. Zalaidu ma haka, yakan yar da dogon bindinsa idan lokacin aure ya wuce. Kuma inda beni ya yawaita, ku sa ido ga wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da farin baki. Shi matarsa ba ta yin sheƙa. A sheƙar beni take saka ƙwanta. Beni ta ƙyanƙyashe, ta rena shi tare da nata 'ya'yan. Idan ya girma, kukan beni yake kwaikwayo. Duk wannan yana faruwa a cikin unguwarmu, a kan katangunmu.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Sai maganar bishiya da kwanciyar hankali.

Ruwa da hatsi suna kawo tsuntsu. Bishiya ce ke sa ya zauna. A can yake ɓuya idan shirwa ko shaho ya gilma. A can yake kwana. Baƙin Turai da na ambata, yawancinsu ba za su kalli geronku ba. Ƙwarin da ke cikin ganye suke nema. Masanan da suka ƙidaya tsuntsaye a bishiyoyin yankin Sahel sun tarar baƙin sun fi taruwa a itatuwan ƙasarmu masu ƙaya, musamman gawo, wanda ke fitar da ganye da rani lokacin da sauran suka zubar. Saboda haka, wanda ke da bishiya a gida, kada ya yi mata aski tas a wannan wata. Kada kuma a yi mata feshin maganin ƙwari ba gaira ba dalili.

Wanda ba shi da ita, ya ƙudura niyya, damina na zuwa. Zogale ba ya cin wuri, ku ci ganyensa, sha-kauci mai dogon baki ya sha furensa. Gwanda da gwaba ma haka. Mai fili a ƙofar gida ya kafa reshen durumi ko cediya, amma nesa da gini da masai, domin saiwarsu tana da ƙarfi. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa wanda ya dasa itace, tsuntsu ya ci daga gare shi, an rubuta masa ladan sadaka. 'Yan uwanmu Kirista ma suna da karatun da ke tuna musu cewa Ubangiji ne ke ciyar da tsuntsayen sama. A kan wannan, masallaci da coci bakinsu ɗaya.

Kwanciyar hankali kuwa, a hannun yaranmu take. An yi hutu, danƙo ya fito. Ɗana, kai da ke saurare, kada ka mai da kaskon ruwa wurin farauta. Tsuntsun da ya yarda da gidanku ya sauka ya sha ruwa, harbinsa cin amana ne. Haka abin fashewar nan da ake kira nokawut, wanda 'yan sanda ke gargaɗi a kansa duk ƙarshen shekara. Idan aka fasa shi da dare a gindin bishiya, tsuntsayen da ke barci sukan tashi a firgice cikin duhu, su yi karo da waya da gini. Masu kanari a keji, ba faɗa na zo yi da ku ba. Amma kada a kafa keji mai tarko kusa da kaskon. Wanda ya saba da ruwan gidanka zai riƙa yi maka kuka a kan reshe kowace safiya, ba ka sayi ko ƙwayar acca ba.

Masu sababbin gidaje da tagar gilashi mai kama da madubi, ku kula. Tsuntsu yana ganin hoton sama a ciki, ya taho da gudu ya buga. A nisanta kaskon daga irin wannan taga.

Yanzu maganar cuta, kuma ina roƙon masu kiwon kaji su matso kusa da rediyo.

Wannan wata ne na kasuwar kaji. Gidaje da yawa a Kinkinau da kewaye sun tara kaji da talotalo don sayarwa a Kirsimeti da sabuwar shekara. Jari ne, kuma dole a kare shi. Mu mutanen Kaduna ba a ba mu labarin murar tsuntsaye. A watan Fabrairun 2006, a wata gonar kaji da ke Jaji a ƙaramar hukumar Igabi, aka fara tabbatar da mugun nau'inta a duk nahiyar Afirka. Tun daga lokacin takan lafa ta dawo, kuma sau da yawa a lokacin sanyi. Tsuntsayen daji, musamman na ruwa, suna iya ɗauke da ita.

Saboda haka doka ɗaya ce. Ruwan kaji daban, ruwan tsuntsayen daji daban. Abincin kaji daban, na tsuntsayen daji daban. Kaskon tsuntsaye ya yi nesa da akurki. In gidanku ƙarami ne, kuma cike yake da kajin sayarwa, ku haƙura da wannan aiki bana. Ku bar wa maƙwabcin da ba ya kiwo.

Su ma tsuntsayen suna sa wa juna cuta a wurin ci da sha idan ba a tsabtace shi. Masu tattabaru sun san ciwon nan da ke toshe maƙogwaro da wani abu rawaya-rawaya. A Birtaniya, daga shekarar 2005, irin wannan ciwo ya shiga wani koren tsuntsu ɗan uwan kanari. Ta wuraren ciyarwa na gidaje ya yaɗu, har yawan tsuntsun ya ragu da fiye da rabi. Mutanen da ke ƙaunarsu ne suka tara su a wuri ɗaya mai datti. Kada mu maimaita. Kullum a ɗauraye kasko. Sau ɗaya a mako a goge shi da soso, a shanya shi a rana ya bushe ƙayau. A share kashin da ya taru. A wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Idan kun ga tsuntsu ya kumbura gashi, yana gyangyaɗi da rana, ba ya gudun mutum, ku ɗauke kasko da faifai na mako biyu, taron ya watse. Idan kun ga matattu fiye da ɗaya, kada yaro ya taɓa da hannu, kada a jefa wa kare ko kyanwa. A sanar da likitan dabbobi mafi kusa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Ɓangarenmu na ƙarshe na yara ne 'yan hutu, da iyayen da ke neman abin da zai zaunar da su a gida.

A Amurka, a da, akwai al'adar fita ranar Kirsimeti a yi gasar harbin tsuntsaye. Wanda ya fi tara gawa shi ya ci. A shekarar 1900 wani masanin tsuntsaye mai suna Frank Chapman ya ce a ajiye bindiga, a fita a ƙirga su. Mutum 27 ne suka amsa kiransa a wannan shekara. Ƙidayar ba ta tsaya ba har yau. Ana yin ta duk shekara daga 14 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu, kuma da ita masana ke gane wane tsuntsu ke ƙaruwa, wane ke ƙarewa.

Mu ma muna da masu wannan aiki. A Laminga, kusa da Jos, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, a gefen dajin Amurum. Daga can aka fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, kuma matasa 'yan sa-kai daga jihohin Arewa suna ciki. Najeriya tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900. Muna bukatar masu ƙirga, domin abu yana ɓacewa a gabanmu ba mu ankara ba. Ku tambayi kakanninku yawan ungulun da ke sauka a mahautar Tudun Wada a da. Sannan ku tambayi kanku yaushe rabonku da ganin ko guda. Tun 2015 aka sa ungulun nan tamu cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya.

To ga aikinku, yara. Ku sami ragowar littafin rubutu na zangon da ya wuce. Kowace safiya bayan an idar da salla, ko bayan addu'ar safe, ku zuba ruwa, ku watsa tafin hannu ɗaya, ku koma bakin ƙofa ku zauna shiru na minti 15. Ku rubuta kwanan wata. Ku rubuta wanda ya zo, da guda nawa. Wanda ba ku san sunansa ba, ku rubuta kamarsa: girmansa, launin bakinsa, tsawon bindinsa, a ƙasa ya ci ko a reshe. Sannan ku kai wa Kaka ko Baba Tsoho. Sun san sunayen da ba a koyarwa a makaranta, kuma za su ji daɗin tambayar.

In Allah ya sa kun tsinci tsuntsu da ɗan zoben ƙarfe a ƙafa, ba na tsafi ba ne, kada a ji tsoro. Masu bincike ne suka sa masa, a nan gida ko a wata ƙasa. Akwai lamba da adireshi a jikin zoben. Babba ya kwafe su daidai, da ranar da aka gan shi da wurin, a kai wa malamin kimiyya na makarantarku ya taimaka a aika.

Ku riƙe littafin har ranar da za a koma makaranta a watan Janairu. Ku aiko mana da abin da kuka ƙirga, da sunan unguwarku, za mu karanta a wannan fili. Muna son mu ji na Kinkinau, mu ji na Barnawa, mu ga inda aka fi samun asisi da inda aka fi samun hasbiya.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu yi maganar mujiya da ɓerayen rumbu. A huta lafiya. Assalamu alaikum.

(Taken rufe shiri)